Muna kwana kusa da teku, amma sai a Dubai 'yata ta fara ganin kifi mai rai

Maman_Hanifa_Nima:
Assalamu alaikum mutanen zaure. Akwai maganar da take cina a rai tun da muka dawo daga tafiya, na ga gara in kawo ta nan in ji ta bakinku.

Wannan karon da na tashi zuwa sarin kaya Dubai, maigida ya ce mu tafi gaba ɗaya tunda yara suna hutu. Muka tafi da Hanifa mai shekara 6, Abdul mai shekara 4, da jaririya a goye. Kwana huɗu ina yawo a Deira daga shagon abaya zuwa na takalma, yara sun gaji da zaman ɗaki har sun fara rigima. Rana ta biyar babansu ya ce yau ba kasuwa, a kai su gidan kallon kifin nan da ke cikin Dubai Mall.

Na sha wucewa ta wurin ni kaɗai, in ɗan tsaya in ɗauki hoto in yi gaba. Amma zuwa da yara daban ne. Bango guda ne na ruwa, tsayinsa kamar bene hawa uku, shuɗin haske yana faɗowa a fuskokin mutane. Abdul ya fizge hannunsa ya je ya manna tafukansa da goshinsa a jikin gilashin. Sai ga wani faffaɗan kifi kamar faifai, mai doguwar wutsiya siririya, ya taho yana kaɗa gefensa kamar tsuntsu, ya juyo mana cikinsa fari fat, baki da hanci kamar fuskar mai murmushi. Yaron nan ya yi ta ɗaga masa hannu. Da muka shiga hanyar gilashin da ake bi ta ƙarƙashin ruwa kuwa, wani shak, babban kifin nan mai farauta, ya gifta ta saman kanmu haƙora a waje, Abdul ya tsuguna ya rufe kai, sai da babansa ya saɓa shi a kafaɗa.

Hanifa ce ba ta ce uffan ba har muka fito. Ina zaune ina ba jaririya nono ta ce, "Mma, me ya sa tekunmu na Ankara babu kifi?" Na ce wa ya gaya miki babu? Wanda muke ci da dokono fa, daga ina yake fitowa? Ta ce daga kasuwar Nima, wajen matar nan mai kwando. Wallahi jikina ya yi sanyi. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin teku hawa biyu ne kacal na trotro, motar haya, amma shekara shida yarinyar nan ba ta taɓa ganin kifi yana numfashi ba. Kifi a wurinta baƙin abu ne a lanƙwashe da aka banda, ko soyayye a gefen shito. Laifina ne, ban taɓa kai ta ba, ni ma ba a taɓa kai ni ba.

To ku masu yara, ina kuke kai su a nan Gana su ga halittun ruwa da ransu? Ko dole sai mai kuɗin jirgi ne ɗansa zai ga wannan?

Bakano_a_Madina:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku gafarce ni, ban daɗe da zuwa ƙasar ba. Ankara ta Turkiyya ai ba ta da teku.

Dan_Aboabo:
Malam Bakano, barka da zuwa. Accra ake nufi. Haka kakanninmu fatake suke kiran garin tun zamanin cinikin goro, har yau a Zango ba mai cewa wani abu sai Ankara. Hajiya kuma, sannu da dawowa, Allah ya sa an samo kaya masu albarka.

Direban_Circle:
Hajiya, ba don in ɓata miki rai ba, amma yawancinmu a zauren nan kuɗin makarantar yara muke fama da shi. Ko fasfo nawa ba su da shi. Abin da na yi, wata Asabar bayan asuba na kwashi yarana uku a mota muka je Jamestown, ƙasan hasumiyar fitilar jiragen ruwa, daidai lokacin da kwalekwale ke dawowa. Sun ga ana sauke kifi cikin manyan kwanoni, wani yana ta mutsu-mutsu, sun ga ƙaguwa tana tafiyarta a kaikaice, wani masunci ya ɗora wa babban ɗana ƙaramin kifi a hannu ya ji santsinsa. Abin da na kashe mai ne da koko da ƙosai. Sai dai kada ki je ranar Talata. Na taɓa yin wannan kuskure, na tarar da kwalekwale duk a kan yashi, mutane suna ɗinkin taru. Masuntan ƙabilar Ga ba sa fita teku ranar Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni.

Anti_Mai_Waakye:
Direba ya faɗi gaskiya. Amma wurin akwai ƙarni da cunkoso, ga santsi. Mai goyo ta sa takalmi mai riƙe ƙafa, kuma a riƙe hannun ƙanana gam.

Injiniya_Tema:
Hajiya Maman Hanifa, wancan tankin da kika gani yana ɗaukar ruwa lita miliyan 10, an buɗe shi a 2008 tare da kasuwar. Abin da Abdul ya manna goshinsa a kai ba gilashin taga ba ne, wata roba ce mai garai-garai da ake kira akirilik, kaurinta santimita 75. Hanyar da kuka bi ta ƙarƙashin ruwa tsawonta mita 48.

Ina faɗin wannan ne don a gane dalilin da ya sa irin wannan babban gida yake da wuya a nan. Ginin ba shi ne matsalar ba, muna da magina. Abin da ke bayan bango shi ne aikin. Kifi yana fitar da ƙazantarsa a cikin ruwan da yake shaƙa, tana zama wata guba mai suna amoniya. Dole fanfuna su riƙa tura ruwan dare da rana ta cikin matatai, inda wasu ƙwayoyin halitta ke juya gubar zuwa abin da ba ya kisa da sauri. Dole a riƙa sa iska a ruwan, a daidaita sanyinsa, a daidaita gishirinsa. Ruwan teku yana da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, in ya kauce sosai kifin zai galabaita. Duk wannan wuta yake ci, kuma ba ya jiran a dawo da ita gobe. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan a 2015 ya san abin da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya yi wa masu firiza. To ku ƙiyasta a ce rai dubu-dubai ne a ciki.

Baban_Twins_Fadama:
Injiniya, ka tuna min da baƙin cikina. A wannan shekarar na saya wa tagwayena ƙaramin akwatin gilashi da jajayen kifaye shida. Suka raɗa wa kowanne suna. Aka ɗauke wuta kwana ɗaya da wuni, na dawo daga shago na tarar da su duka a saman ruwa suna buɗe baki. Kafin gari ya waye huɗu sun mutu. Sauran biyun ni na kashe su da hannuna ban sani ba, don na zubar da ruwan duka na cika da na famfo kai tsaye. Daga baya mai sayarwa ya gaya min sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo yana ƙona musu wurin numfashi, sai an bar ruwan ya kwana a buɗe ko an ɗiga masa magani, kuma ba a canja shi gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake yi. Hassana ta yi kwana biyu ba ta cin abinci sosai. Duk wanda zai saya wa yara, ya fara sayen ƙaramin injin iska mai batir.

Yar_Bronx:
Salam 'yan gida, ina gaishe ku daga nesa. Yaya Maman Hanifa, labarinki ya taɓa ni, don ni ma a Maamobi na girma kuma sai a Amurka na fara shiga irin wannan wuri. Mun je ziyarar dangin maigida a Atlanta muka kai yara Georgia Aquarium. An buɗe shi a 2005, wani attajiri mai suna Bernie Marcus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin sayar da kayan gini na Home Depot, shi ya ba da dala miliyan 250 aka gina. Babban tankinsu ya ninka na Dubai sau biyu da ɗoriya, kusan lita miliyan 24. Garin ba shi kusa da teku, ruwan famfo suke haɗawa da gishiri na musamman. A nan na ga kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wani nau'in shak mai ɗige-ɗigen fari a baya kamar zabuwa, a jirgin sama aka kawo su daga Taiwan. Duk girman bakinsa ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa, ba ruwansa da mutum.

Amma bari in faɗa wa iyaye abin da hoto ba ya nunawa. Cikin wuraren nan da duhu, an yi haka ne don ruwan ya haska. Ina ɗaukar bidiyo, na waiga ban ga ƙaramina ba, ɗan shekara 3. Minti goma muka yi muna nemansa, ban taɓa jin minti goma mai tsawo haka ba, bakina sai Innalillahi. Muka same shi zaune a ƙasa gaban wani tanki na halittun nan masu kama da lema, marasa ƙashi, yana kallonsu suna buɗewa suna rufewa. Tun ranar, kafin mu shiga taro sai na rubuta lambar wayata a hannun kowanne da biro, in sa musu riga kala ɗaya mai haske. A je da safe da zarar an buɗe, a ciyar da su kafin a shiga. Bayan awa biyu sun gama, duk abin da ya rage sai kuka. Kuma hanyar fita ta cikin shagon 'yar tsana take bi, a yi yarjejeniya da su tun a mota.

Shi ƙaramin yanzu ba ya tuna komai. Yayarsa da take shekara 7 a lokacin har yau tana zana wannan kifi mai ɗige-ɗige.

Hajiya_Sabon_Zango:
Ni fa ban ga abin damuwa ba a nan. Mu da muka tashi ba a kai mu teku, me ya rage mu da shi? Iyayenmu ba wawaye ba ne da suka hana. Shekarun baya, washegarin Sallah, samarin layinmu suka tafi bakin teku su tara, takwas suka dawo. Yaron maƙwabciyata ne, ya sauke Alƙur'ani a shekarar. Sai bayan kwana biyu ruwa ya dawo da shi. Ni na zauna da uwarsa a daren nan biyu. Ku kai yara Dubai su kalla ta bayan gilashi, na yarda. Amma bakin tekun nan namu, a'a.

Dan_Aboabo:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansa, ya ba uwarsa haƙuri.

Malama_Kimiyya:
Amin. Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, tsoronki yana kan hanya, tekunmu ba na wasa ba ne. Amma ina roƙon ki duba wani gefen. Hanawar ba ta hana su zuwa, duk Sallah sai sun je, a ɓoye, ba babba tare da su, ba wanda ya iya iyo a cikinsu. Akwai wata igiya da ke komawa ciki ta wani siririn wuri kamar kwata, samanta a kwance lumui, shi ya sa baƙo yake zaɓar nan ya shiga. In ta ja mutum, ya yi ta kokawar dawowa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Ɗan masunci ya san a gefe ake bi a fita daga cikinta. Namu ba wanda ya taɓa gaya musu.

Sai tambayar Hanifa, don ta cancanci amsa ta gaskiya. Ki ce mata tekunmu cike yake da kifi, launinsu ne daban. Masu rawaya da shuɗi da ta gani yawanci 'yan duwatsun murjani ne, a ruwa mai ɗumi mai garau kamar Bahar Maliya da tekun Indiya. Namu kuwa, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa sama ɗauke da abinci, ruwan ya yi duhu-duhu, sai ƙananan kifayen nan masu ruwan azurfa da muke kira amane su zo garke-garke. Lokacin ne kasuwa take cika da su, daidai da bikin Homowo na mutanen Ga. Sai dai sun ragu sosai, shi ya sa gwamnati ta shigo da rufe kamun kifi na wani lokaci a watan Yuli don su samu su hayayyafa. Manyan jirage masu share ƙasan teku, da kamu da fitila da dare, da taru mai ƙananan idanu, duk sun taru a kansu.

Alhaji_Asawase:
Ga masu zuwa Umara da iyali, akwai Fakieh Aquarium a Jidda, a bakin teku. Bai kai na Dubai girma ba, amma kifin Bahar Maliya da Malama ta ambata suna nan. Mun kai jikokina ranar da muke jiran jirgin dawowa. Har wasan dolfin sun gani, suna tsalle suna taɓa ƙwallo.

Ummu_Sumayya:
Ni wannan ne ma yake hana ni sakewa. Dabbar da Allah ya ba faɗin teku, a kawo ta a sa a kwano don mu biya kuɗi mu yi tafi. Da na ga bidiyon wani shak a cikin tanki yana zagaye wuri ɗaya ba tsayawa, tausayi ya ba ni. Ustazu, don Allah mene ne hukuncin wannan? Ba akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba?

Ustazu_Fadama:
Malama Ummu Sumayya, hadisin ya inganta, yana cikin Buhari da Muslim. Amma ki lura da abin da ya kai matar wuta: ta tsare kyanwar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. A gefe guda akwai hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi sallallahu alaihi wa sallama ya sani bai hana ba, har yana tambayarsa labarin tsuntsun. Daga nan malamai suka fahimci ajiye dabba ya halatta in an ba ta haƙƙinta na ci da sha da wurin da ya dace da ita, ba a azabtar da ita. Nauyin yana kan mai ajiyewa. Kuma kallon halittar Allah da niyyar tunani abu ne da Alƙur'ani ya yi ta kira gare shi. Uban da ya tsaya da ɗansa gaban wannan ruwa ya ce masa duba abin da Ubangijinka ya halitta, ya yi karatu a ranar. Allah ne mafi sani.

Ummu_Sumayya:
Na gode Ustazu. Amma "wurin da ya dace da ita" ɗin nan shi ne maganata. Wane tanki ne ya dace da dabbar da ke tafiyar kilomita da yawa a rana?

Malama_Kimiyya:
Ummu, a nan ina tare da ke rabi. Zagayen shak ba lallai damuwa ba ce, wasu nau'insu dole su yi ta tafiya don ruwa ya riƙa bi ta wurin numfashinsu. Ƙananan kifin murjani kuma ko a teku ba sa nisa da raminsu. Dolfin ne ban yarda da tsare shi ba. Shi ba kifi ba ne ma, iska yake shaƙa da huhu, yana haihuwa yana shayarwa, yana zama cikin dangi. Ɗalibaina in suka tambaye ni haka nake gaya musu. Kuma muna da su a tekunmu. Ku tuna watan Afrilun 2021 da ruwa ya fito da su da yawa a gaɓar Axim, a kwanakin da aka wayi gari da matattun kifi a bakin tekun Osu.

Jikan_Baba_Yeji:
Na karanta wa kakana wannan hirar, ya ce in rubuta masa kamar yadda ya faɗa. Shekararsa ta haura 80, ya yi su a tafkin Volta tun ruwa yana sabon cika bayan an gama madatsar Akosombo a 1965.

Ya ce a gaida Hajiya da yara. Ya ce abin da ya fi ba shi tausayi ba rashin ganin kifin Larabawa ba ne, sunan namu ma yaran yanzu ba su sani ba, kowane kifi sai su ce kifi. Ya ce a tambayi yaro ya bambance karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa. Akwai ƙurungu mai ƙaya uku, in ka kama shi yana gurnani a hannunka. Akwai minjirya, in ka taɓa ta sai ta girgiza ka har kafaɗa, da ita suke gwada sabon yaro a jirgi. Akwai talibamban mai kumbura ciki kamar ƙwallo in ya ji tsoro. Akwai gaiwa da ke shiga laka in ruwa ya janye, ta yi watanni a ciki da ranta har damina ta dawo. Akwai giwan ruwa, wanda ya ce ya taɓa kama wani da sai da mutum biyu suka ɗauka da sanda. Ya ce faffaɗan kifin nan da Abdul ya gaisa da shi, Hausawan kogi suna kiran danginsa kunamar ruwa, saboda ƙayar da ke wutsiyarsa. Ya ce akwai ayu, yanzu da wuya a gan shi.

Ya ce in an tashi gina gidan kifi a Gana, a fara da waɗannan, a rubuta sunansu da Hausa da Ga da Ewe da Twi a jikin gilashin.

Maman_Hanifa_Nima:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wallahi cikin sunayen nan uku kaɗai na sani. Na kwafe su a littafin Hanifa.

Bakano_a_Madina:
Baba ya tuna min da Argungu. A can yara suna ganin giwan ruwa da idonsu ranar gasa.

Injiniya_Tema:
Shawarar Baba ta fi tawa ma'ana. Kifin ruwan daɗi ba ya buƙatar gishiri, ba ya buƙatar a sanyaya masa ruwa a yanayinmu, tarwaɗa ma tana iya haɗiyar iska daga sama in ruwan ya yi ƙarancinta. Ɗaki biyu, tankuna goma sha, da faifan hasken rana a kan rufi, makarantar Islamiyya mai ƙarfi za ta iya. Mai kula da su kullum shi ne abin nema.

Direban_Circle:
To ka ji. Kullum mu a Zango da "za a iya". Wa zai fara?

Dan_Aboabo:
Mu na Kumasi ba mu da teku, amma kada a manta da tafkin Bosomtwe, kamar kilomita 30 ne daga gari. Wani dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, ruwan sama ya cika shi. Na kai yarana ta ƙauyen Abono. Abin da ya ɗauke musu hankali masuntan wurin ne, ba kwalekwale suke hawa ba, wani falon katako ne suke zama a kai suna tuƙi da hannu. Ɗana ya ga an ɗaga ƙananan karfasa daga ruwa suna walƙiya, muka saya aka soya mana nan take. Gidan namun dajin Kumasi da ke kusa da Kejetia shi ma yana nan tun 1957, in don yara su ga dabba da rai ne. Wanda hanyarsa ta kai shi arewa kuma ga kadojin Paga.

Abin da ke ƙona min rai kogunanmu ne. Ku bi ta gadar Offin ko Pra ku leƙa, ruwan ya koma kamar koko saboda galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage. Muna zancen gina wa kifi gidan gilashi alhali gidansu na asali muke kashewa.

Anti_Mai_Waakye:
Ba sai an je Offin ba, ɗana. Babbar kwatar Nima ina take zuwa? Kogin Odaw da tafkin Korle ina suke zubewa? Ledar da muke jefawa da daddare ita masunta ke jawowa a taru. Ni ma ina sayar da abinci a leda, ba na cire kaina.

Hajiya_Sabon_Zango:
Malama Kimiyya, na karanta amsarki sau biyu. Ban canja ra'ayi kan teku ba. Amma in akwai wurin koyon iyo mai tsabta da mace ke koya wa 'yan mata, zan biya wa jikokina.

Yar_Bronx:
Hajiya, wannan shi ne daidai. A nan har kayan iyo masu rufe jiki ake sayarwa, zan aiko da su in an samu wurin.

Malama_Kimiyya:
Wani wurin da na manta: Ada, inda Volta ke shiga teku. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu manyan kunkurun teku suna fitowa da dare su haƙa rami a yashi su zuba ƙwai. Ma'aikatan kula da namun daji suna raka mutane. Ba a haska musu fitila mai ƙarfi, ba a hayaniya. Sai dai tafiyar dare ce a kan yashi, kuma ba kullum ake dacewa ba. Ɗan shekara 4 zai yi barci a kafaɗa, amma Hanifa za ta iya.

Maman_Hanifa_Nima:
Jama'a, na dawo da labari. Jiya Asabar muka bi shawarar Direba, babansu ya kai mu Jamestown kafin rana ta yi zafi. Na bar jaririya wajen kakarta. Gaskiya Anti ta faɗa, ƙarnin ya sa Abdul toshe hanci tun daga mota. Mun ɗan makara, yawancin kifin da muka tarar a kwanoni sun riga sun mutu. Hanifa ta tsaya kan wani kwano tana kallo, ta ce, "Waɗannan ma da suna yawo kamar na Dubai?" Na ce eh, daren jiya ma suna yawo. Wata dattijuwa mai sayen kifi ta ji mu, ba ta jin Hausa, ni ma Ga ɗina kaɗan ne, ta kama hannun yarinyar ta kai ta wajen wani bokiti, ga ƙaguwa uku masu shuɗin ƙafa suna hawa kan juna suna kumfa. Ta nuna mata yadda ake riƙe ta ta baya don kada ta datse yatsa. Hanifa ta riƙe, hannunta yana rawa, ba ta saki ba.

A hanyar dawowa ta ce ta yarda akwai kifi a tekunmu, amma tana so ta gan su a cikin ruwan, ba a kwano ba. Ban samu abin ce mata ba.

Ummu_Sumayya:
Ni dai har yanzu na fi son ta gan su a kwano da a kurkuku.

Jikan_Baba_Yeji:
Baba ya ce in an yi hutun makaranta a kawo ta Yeji. Zai sa a ajiye mata ƙurungu da talibamban da ransu a cikin baho ta kalla har ta gaji, da yamma ta mayar da su ruwa da hannunta.

Direban_Circle:
Motata tana ɗaukar mutum 15. In za a yi tafiyar Ada a Disamba, masu so su rubuta yawan yaransu a nan in san ko mota ɗaya za ta isa. Malama, ƙarfe nawa ya kamata mu bar Ankara?